Kifin Tekun Gana: Ko Hutun Wata Guda Ya Isa?

A shekara ta 2019 Gwamnatin Gana ta ba da wani umurni wanda ya ta da ƙura a bakin teku, tun daga Axim a yamma har Keta a gabas. Umurnin ya ce daga ran 15 ga watan Mayu zuwa ran 15 ga watan Yuni kada wani masunci ya tura kwalekwalensa cikin teku. Tun watan Agusta na 2018 aka so a fara wannan hutu, amma masunta suka yi ca, aka janye. A 2020 annobar korona ta hana. Daga 2021 zuwa 2024 aka mai da hutun watan Yuli, su kuwa manyan jirage masu jan taru aka ba su wata biyu, Yuli da Agusta. A 2023 Kwaddibuwa ta bi sahu. Sa'an nan a 2025 Gwamnatin Shugaba John Mahama ta ɗauke wa masu kwalekwale hutun, ta bar shi a kan manyan jirage, ta kuma yi sabuwar doka wadda ta tura jiragen nan nesa da gaɓa, daga mil 6 na ruwa zuwa mil 12.

Wanda ke zaune nesa da teku ya iya cewa, ina ruwan biri da gada? To, amma maganar ba ƙarama ba ce. Gaɓar tekun Gana ta kai kamar mil 340. Ƙidayar da aka yi a 2016 ta sami kwalekwale kusan 12,000 da masunta fiye da 100,000, ban da matan da ke banda kifin suna sayarwa. An ƙiyasta wajen kashi 60 cikin 100 na naman da mutanen ƙasar ke ci kifi ne. Kifin bandar nan kuwa shi a ke ɗaurewa cikin kwanduna a haura da shi Kumasi da Tamale da Bolgatanga, shi ke shiga miyar talaka, har da ta 'yan'uwanmu mazauna zango-zango. Kifin da ya fi kowane muhimmanci cikin wannan ciniki shi ne wanda masana ke kira sadinela, Fantawa kuwa su ce eban, ɗan'uwan sadin ɗin nan na gwangwani. A 1996 an kama fiye da tan 130,000 nasa. A 2016 abin da aka kama bai kai tan 30,000 ba. Wannan shi ne dalilin dokar. Amma ba za a gane ko dokar ta yi daidai ba sai an san yadda kifin nan ya ke ci, da yadda ya ke haihuwa, da yadda ya ke girma.

TEKU MA TANA DA DAMINA

Mai kallon teku daga gaɓa ya kan zaci ruwa ne bai ɗaya, kullum yadda ya ke. Ba haka ba ne. A yawancin watannin shekara ruwan tekun Gini hawa biyu ne. Na sama mai ɗumi ne, zafinsa ya kan kai digiri 27 zuwa 29 a ma'aunin santigiredi, kaurinsa kuwa bai cika wuce ƙafa 130 ba. Na ƙasa mai sanyi ne, ya kuma fi nauyi. Na saman yana kwance bisa na ƙasan kamar yadda man gyaɗa kan kwanta bisa ruwa, ba su gauraya.

Ga inda wahalar ta ke. Duk abin da ya mutu cikin teku nutsewa ya kan yi, ya ruɓe can ƙasa, ya zama taki. Hasken rana kuwa a sama ya ke, ba ya wuce kamar ƙafa 600 ko a ruwan da ya fi kowane garau. Watau taki na ƙasa inda babu haske, haske na sama inda babu taki. Muddin abin ya tsaya haka, teku kamar gonar da ta gaji ta ke, ba ta ba da abin kirki.

Daga watan Yuli zuwa Satumba sai al'amarin ya sake. Iska mai tasowa daga kudu maso yamma ta kan bi gaɓa ta nufi gabas, igiyar ruwan Gini ita ma gabas ta ke gudu, kuma saboda juyawar duniya ruwan saman ya kan karkata ya bar gaɓa ya yi tsakiyar teku. Har wa yau akwai wani motsi da ke zuwa ta ƙarƙashin ruwa daga wajen tsakiyar duniya, wanda ke ɗago ruwan sanyi sama. In waɗannan suka haɗu, sai ruwan ƙasa ya taso da takinsa ya maye gurbin wanda ya tafi. Zafin ruwan gaɓa ya kan sauka ƙasa da digiri 25, wata shekara ma har ya doshi 20. Wannan ita ce daminar teku. Tana faruwa tun daga iyakar Laberiya da Kwaddibuwa, ta bi Gana da Togo har Jamhuriyar Benin. Akwai kuma wata 'yar ƙarama ta makonni kaɗan a lokacin hunturu, wajen watan Janairu.

CIYAWAR DA IDO BA YA GANI

Da taki ya gamu da haske sai tsiro ya tashi. Amma tsiron teku ba shi da saiwa, ba shi da ganye. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne dangin gansakuka, masu yawo duk inda ruwa ya kai su, ba a ganinsu sai da madubin nan mai ƙara girman abu. Wani masani Bajamushe, Victor Hensen, shi ya raɗa wa irin waɗannan halittu suna filankiton a 1887, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke yawo. Ko da ya ke ƙanana ne, masana sun lissafta kusan rabin abincin da tsire-tsire ke haɗawa da hasken rana a duniya duka su ke yinsa. In sun sami taki su kan ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu, har ruwan da dā shuɗi ne ya koma kore.

Filankiton iri biyu ne, akwai na tsiro, akwai na dabba. Na dabba su ke kiwo a kan na tsiro. Cikinsu akwai wani ɗan ƙwaro dangin jatan lande, bai kai ƙwayar shinkafa ba, masana na kiransa Calanoides carinatus. Sha'aninsa abin mamaki ne. Lokacin daminar teku ya kan cika ruwan gaɓa, ya ci ya tara mai a jikinsa. Da ruwa ya fara ɗumi sai ya nutsa can cikin zurfi, fiye da ƙafa 1,500, ya kwanta ba ci ba motsi, kamar yadda gaiwa kan kwanta cikin laka da rani, sai ruwan sanyi ya sake tasowa ya dawo da shi. Wannan ƙwaro da ire-irensa su ne tuwon sadinela. Kifin ya kan buɗe baki ya yi ta iyo, ruwa na shiga yana fita ta kumatunsa, inda akwai waɗansu 'yan haƙora jere kamar na mataji, su ke tace abincin.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata malamai su riƙe. A kowane hawa na wannan tsani, kamar kashi 10 cikin 100 kaɗai ke zama nama, saura ya tafi wajen motsi da numfashi. Watau a gwargwado, tan 100 na filankiton tsiro ya kan ba da tan 10 na filankiton dabba, shi kuma ya ba da tan 1 na kifi. Saboda haka kifin da teku za ta iya bayarwa yana da iyaka, kuma iyakar ba a hannun masunci ta ke ba. Ƙara kwalekwale ba ya ƙara ciyawar teku, kamar yadda ƙara shanu ba ya ƙara makiyaya.

HAIHUWA DA GIRMA

Sadinela ta fi zuba ƙwai a lokacin nan na tasowar ruwan sanyi. Ba ta yin sheƙa, ba ta kuma gadin 'ya'yanta kamar yadda karfasa ke yi a kogunanmu. Mata da maza su kan taru garke guda, mata su saki ƙwai cikin ruwa, maza su saki nasu ruwan, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Babbar mace ta kan zuba ƙwai 20,000 ko fiye. Ƙwan ya kan yi yawo a saman ruwa, ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana guda. Ɗan da ya fito siriri ne kamar zare, yana ɗauke da 'yar gwaiduwa a cikinsa wadda za ta riƙe shi kwana kaɗan. Da ta ƙare, dole ya sami abinci daidai bakinsa, a kusa da shi, in ba haka ba ya mutu.

Wani masani na ƙasar Norwe, Johan Hjort, shi ya nuna a 1914 cewa a waɗannan 'yan kwanaki na farko a ke yanke hukuncin ko shekara za ta yi kifi ko ba za ta yi ba. In ƙyanƙyasa ta dace da yalwar filankiton, 'ya'ya da yawa su tsira. In ruwan sanyi ya makara, ko ya zo da rauni, ko igiya ta kwashe 'ya'yan ta yi tsakiyar teku da su, sai a yi hasarar zuriyar shekara guda. Ga misali. Domin garke ya tsaya yadda ya ke, abin da a ke bukata shi ne cikin dukan ƙwan da mace ta zuba a rayuwarta biyu su kai ga haihuwa. In huɗu suka kai, garke ya ninka. In ɗaya ne, ya ragu da rabi. Tsakanin yalwa da fatara bambancin 'ya'ya biyu ko uku ne cikin dubbai.

Waɗanda suka tsira su kan taru a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, su yi girma da sauri. Cikin kamar shekara guda, in tsawonsu ya doshi inci 7, sun isa haihuwa. Masana kan gane shekarun kifi ta wurin wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa, mai zobe-zobe kamar na kututturen itace. Kifin nan ba ya daɗewa a duniya, 'yan shekaru ne kawai. Wannan kuwa yana da fuska biyu. In an bar shi ya kan farfaɗo da wuri. In kuma aka kame 'ya'yan shekara biyu ko uku a jere tun ba su haihu ba, babu tsofaffin da za su cike gurbi.

Gana ta taɓa ganin haka. A 1972 an yi kamun sadinela irin wanda ba a taɓa yi ba, da yawa cikinsu kuwa ƙanana. A 1973 sai kifin ya ɓace kamar an share, wani kifi mai taurin fata wanda mutane ba su saba ci ba ya cika wurin. Sai da aka yi shekaru kafin sadinela ta dawo.

INA KIFIN YA TAFI?

Dalili na fari shi ne yawan hannu cikin akushi. Tun da injin kwalekwale ya shigo a ƙarshen shekarun 1950, masunci ya kan kai inda dā filafili ba ya kai shi. Daga baya Gwamnati ta rangwanta musu kuɗin mai, kwalekwale suka yi ta ƙaruwa, taru ya ƙara tsawo, idonsa ya ƙara ƙanƙanta. Doka ta hana tarun da idonsa bai kai inci 1 ba, ta kuma hana su da fitila, watau a kunna wutar lantarki mai ƙarfi da dare kifi ya taru a kewaye shi. Amma da kamu ya ragu, sai masu karya dokar suka ƙaru, gama kowa na gudun kada ya koma gida hannu rabbana.

Na biyu shi ne manyan jirage masu jan taru. Lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, amma suka shiga kama sadinela, su daskarar da ita cikin ƙanƙara, su sayar wa waɗansu manyan kwalekwale a tsakiyar teku, a kawo gaɓa, musamman Elmina. Wannan ciniki shi a ke kira saiko, kuma haram ne a dokar ƙasar. Wata ƙungiya mai suna Environmental Justice Foundation ta ba da rahoto a 2019 cewa a shekara ta 2017 kaɗai kifin da ya bi ta wannan hanya ya kai kamar tan 100,000, kuma mafi yawan sadinelar da ke ciki ba ta isa haihuwa ba. Ƙungiyar ta ce ko da ya ke jiragen na ɗauke da tutar Gana, wajen kashi 90 cikin 100 nasu suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin. A watan Yuni na 2021 Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi na biyu a kan su ba bisa ƙa'ida ba, bayan na farko da ta yi a 2013. Daga nan Gwamnati ta matsa, cinikin ya ja baya.

Na uku ba laifin masunci ba ne. Teku na ƙara ɗumi. Ma'aikatan binciken kifi na Tema sun daɗe suna ɗiban ruwa suna auna filankiton, kuma da aka duba lissafinsu na 1969 zuwa 1992 aka ga filankiton dabba ya ragu a lokacin daminar teku, daidai da yadda zafin ruwa ya ƙaru. Ɗan ƙwaron nan da muka ambata ba ya jure ɗumi. In makiyaya ta ragu, tilas a rage yanka, in ana so garke ya tsaya.

AUNA DOKAR

Hutun su ba baƙon abu ba ne a gaɓar Gana. A garuruwa da yawa ba a shiga teku ran Talata tun kaka da kakanni. Mutanen Elmina kan rufe tafkin Benya na 'yan makonni, sa'an nan su buɗe shi da bikin Bakatue a farkon watan Yuli. Mu ma mun san irin wannan a Argungu, inda a ke hana su a Matan Fada sai ranar biki. Hikimar ɗaya ce da ta manomi: kome yunwa ba a cin iri.

Amma dokar Gwamnati tana da rauni uku. Na ɗaya, lokaci. Masanan da aka naɗa su ba da shawara watan Agusta suka zaɓa, domin a nan ne zuba ƙwai ya fi yawa. Su kuwa masunta a watan nan su ke samun abin da za su ci shekara, kuma a nan ne bukukuwan Homowo na mutanen Ga su ke faɗowa. Sai aka yi sulhu aka koma Mayu, daga baya Yuli. Hutun Mayu kuwa bai kāre uwar kifi a lokacin da ta fi bukata ba.

Na biyu, abin da ke biyo bayan hutu. In an bar kifi ya haihu a Yuli, sa'an nan a Agusta kwalekwale 12,000 suka fito da fitila da taru mai ƙaramin ido, an jinkirta yanka ne kawai. Hutu ba ya amfani sai an haɗa shi da tsaron idon taru da rage yawan masu kamu. Gwamnati ta gane haka, domin a 2023 ta dakatar da rajistar sababbin kwalekwale na shekara uku.

Na uku, cikin masunci. Mutumin da ke ci daga hannu zuwa baki, in an ce ya zauna wata guda, sai an gaya masa abin da iyalinsa za su ci. An raba shinkafa da mai a waɗansu shekaru, amma masunta sun yi ta kukan bai isa ba. Dokar da ba ta da goyon bayan waɗanda aka kafa wa, ba ta da ƙarfi a tsakiyar teku inda babu ɗan sanda.

To, shawarar 2025 fa? Tura manyan jirage bayan mil 12 abu ne mai kyau ƙwarai, gama a ruwan gaɓa ne ƙananan kifi ke girma, in dai akwai jiragen sintiri da za su tsare iyakar. Amma ɗauke hutu daga masu kwalekwale yana da haɗari, domin su ne ke kama mafi yawan sadinela a bisa halal. A ganinmu, in za a ɗauke musu hutu, lalle ne a tsananta a kan fitila da ƙaramin taru fiye da dā, a kuma ci gaba da auna kamu, in aka ga bai ƙaru ba a mai da hutun, a sa shi a watan da masana suka nuna.

GANI GA WANE

Waɗansu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. Peru ta kama fiye da tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi a 1970, ba ta da na biyu a duniya. A 1972 ruwan ɗumi da a ke kira El Nino ya danne ruwan sanyi, filankiton ya ragu, jirage ba su rage kamu ba, sana'ar ta rushe. A Kanada an rufe kamun babban kifin Newfoundland a watan Yuli na 1992, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki, aka yi fiye da shekara 30 kafin a sake buɗewa. Norwe kuwa, da nata kifin ya ƙare a ƙarshen shekarun 1960, ta ɗaure ta hana kamu kusan ɗungum shekara da shekaru, har kifin ya dawo. Darasin a fili ya ke: wanda ya ƙi hutun wata ya kan yi na shekaru, ba da sonsa ba.

Nijeriya ba ta cikin yankin da ruwan sanyi ke tasowa da ƙarfi. Takin gaɓarmu daga koguna ya ke zuwa, musamman Kwara da Binuwai, ƙananan kifi kuwa cikin dazuzzukan fadamar bakin teku su ke girma. Amma kifi bai san iyakar ƙasa ba. Shi ya sa a 2007 Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa da Laberiya suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na sha'anin kifi, mai hedkwata a Tema. Ban da haka, kifin da mu ke kamawa bai ishe mu ba. Yawancin kifin ƙanƙara da a ke soyawa a Kano da Kaduna daga tekun waɗansu ƙasashe a ke kawo shi ta Ikko. Duk inda ƙananan kifin teku suka ragu, a kasuwarmu za a ji.

Akwai abu biyu da masu karatu za su ɗauka. Ga akawu: duk abin da aka sani game da faɗuwar kifin Gana, daga littafin waɗansu ma'aikata ya fito, waɗanda suka yi ta rubuta zafin ruwa da nauyin kamu shekara bayan shekara, ba wanda ya san sunansu. Ba don su ba da gardama kawai za a yi ta yi. Kogunanmu da madatsun ruwanmu suna bukatar irin wannan littafi. Ga malami kuwa: yaron da aka koya masa cewa kifi ma yana da damina, yana da makiyaya, yana da lokacin haihuwa, in ya girma ya ga taru mai ido kamar gidan sauro a bakin kogi, zai san abin da a ke kamawa kifin baɗi ne.